Fuskar Damalis a Bayan Kwabo

Tirofimus mai sassaƙa hatimi ne a gidan buga kuɗi na Rum, ni kuma mai hura wuta. Shekara ashirin muna cin gurasa da zaitun a dakali ɗaya, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Fuskar Kaisar da ke gaban kwabo ba ruwansa da ita, wasu ke yin ta. Shi nasa bayan kwabo ne, inda ake zana alloli, wannan da zangarniyar alkama, waccan da sikeli.

Shekarar da zazzaɓi ya ɗauke matarsa Damalis, aka ba shi aikin allahiyar fatan alheri, mai tafiya da fure a hannu. Da kwabon farko ya fito na duba, sai ga hancin nan mai ɗan karkata.

"Kai tsohon banza, wannan ai Damalis ce!"

"Rufe min baki, baƙin tukunya," in ji shi. "Yanzu ko mai sayen albasa sai ya san da ita."

Bayan shekara uku aka kashe Kaisar ɗin. Majalisa ta ce a narke duk tagullar da ke ɗauke da fuskarsa, a farfasa hatiman. Kwando-kwando ake kawowa, ni ke zubawa a wuta. Tirofimus ya ɓoye kwabo guda, ya goge Kaisar da dutse, ya bar matarsa. Ranar da aka ce za a caje masu sassaƙa, ya danna min shi a tafin hannu.

"Karfus, ajiye min. In na mutu shi za ka sa min a baki, in biya mai kwale-kwalen da ke ƙetarar da matattu. Ni da ita tare za mu haye."

Na ce to. Amma da na ji takun sojoji a bakin ƙofa, sai na jefa shi cikin narkakkiyar tagulla. Ko kallona ba su yi ba.

Shekara shida yana tambayata, "Tana nan?" Ina cewa tana nan lafiya.

Bara ya mutu. Na karaɗe kasuwanni da gidajen wanka ina neman irinsa, ban samu ko ɗaya ba, don aikina na iya shi. Sabon kwabo na sa masa a baki, da wata mace a bayansa wadda bai taɓa sani ba. Har yau kunyarsa nake ji.