Kafson Saniya a Ƙafar Baba

Hutun damina ne, na dawo daga sakandare na tarar ƙayar kurungu ta soki Baba a dunduniya wajen kamun kifi. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, tana ruwa, ga shinkafarmu ta fadama ta kusa isa yanka, kuma ba mu da wani namiji a gidan sai shi.

Kowa a ƙauyenmu ya san maganin: kafso ja da rawaya, a buɗe a barbaɗa garin a kan ciwon, a haɗiyi wani. Ruwa ya cinye hanyar Kirikasamma, sai Inna ta sa ni a kwalekwale zuwa Haɗeja, tunda ni ce mai karatun.

Mai kemis ɗin da muka saba da shi ya ce ba zai sayar mini ba. Wai dubagari ya zo da sabuwar doka, irin wannan kafso sai da takardar likita. Na tafi asibiti. Can aka ce likita ba ya rubuta wa wanda bai gani ba, in kawo shi. Na ce mutumin da ko takawa ba ya yi, a kaina zan ɗauko shi? Aka ce in rage surutu.

Na koma kemis raina a ɓace. Ina tsaye wani dattijo Bafulatani ya shigo ya ce a ba shi ja da rawaya, saniyarsa na zawo. A gabana aka ƙunsa masa.

Na ce, "Malam, ba yanzu ka ce an hana ba?"

"Na mutum aka hana, 'yar boko. Dubagari bai ce komai a kan shanu ba."

Na tambaye shi ko kwalbar daban ce. Ya ce ɗaya ce. Na ce to dokar kare Baba take yi ko kare kafson? Ya ce in je in tambayi waɗanda suka koya mini Turanci.

Dattijon ya gama jin mu, ya ce a ƙaro masa, wata saniyar ma ba ta jin daɗi. Aka ƙaro. Ya miƙo mini nan take, mai kemis ya kama goge kanta kamar ba ya wurin.

Sai na tuna ban san yadda ake sha ba. Mai kemis ya ce bakinsa ba ya ciki, ai na dabba ya sayar. Na juya ga dattijon, na ce Baffa, nawa ake bayarwa? Ya dube ni da gaske ya ce, "Baban naki ya kai maraƙi?"

Na ce bai kai ba. Ya ce to in rage.

In rage daga nawa? Duk hanya a cikin kwalekwale tambayar da nake yi ke nan. A makaranta an koya mana cewa doka don amfanin jama'a ake yin ta, kuma na yarda, har yanzu ma ban ce ƙarya ba ne. Amma da a da ne, da an faɗa mini adadin.

Inna ce ta yanke: ɗaya a ciwo, ɗaya a baki, safe da yamma. Ta kuma ci gaba da wanke masa da ruwan bagaruwa, ba ta tambayi kowa ba. Kumburin ya sauka a hankali. Baba ya shiga fadama da sanda, ya yanki abin da tsuntsaye suka bar mana, kusan rabi. Dunduniyar ba ta ƙara taka ƙasa daidai ba. Ko kaɗan muka ba shi, ko latti na yi, ban sani ba.