Sunan Ɗan Fari

Lokacin da nake kula da ordinater, wato kwamfuta, a wani ƙaramin gidan rediyo a Zinder, duk saƙon gaisuwa da masu saurare suka aiko ta tarho a wurina yake sauka. In wata ya ƙare sai in matse saƙonnin in ajiye, don injin namu tsoho ne, cikinsa bai kai na kaza ba. Wanda na matse ba na kwance shi. Sai in buɗe baƙin allo in rubuta umarnin bincike zgrep da kalmar da nake nema, ya leƙa ciki ya zaro mini layin.

Wata safiya wata tsohuwa ta zo daga Gidimuni. Ɗanta ya tafi haƙar zinariya arewa, kuma ta rediyonmu yake gaishe ta. Damina biyu ke nan shiru. So take ta san ko yana raye.

Na ce, "Inna, yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan fari ne."

Na sani sarai uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, amma ni mutum ne mai gajen haƙuri. Na rubuta sunan garinsu, allo ya cika da gaisuwar biki da ta suna, har ido ya gaji. Lambarsa ba ta riƙe ba. Ita kaɗai ta zo, babu wanda zai faɗa a madadinta.

"Inna, injin nan ba ya jin kunya. Abin da aka ba shi, shi yake nema."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta faɗa a hankali, sai da na matso na ji.

Na rubuta sunan, gaisuwarsa ta jeru a allo. Layi na ƙarshe ba shi ya aiko ba, abokin aikinsa ne. Rami ya rufta da ɗanta, an yi masa sutura a can, a sanar da mahaifiyarsa. Saƙon ya shigo ranar da aka ɗauke wuta, babu wanda ya karanta, wata ya ƙare na matse shi da sauran.

Na karanta mata. Ta yi salati, ta gyara mayafi, ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ɗana, tun da na haife shi, yau na fara kiran sunansa."