Kawu Lawai a Cikin Buhun Barci

Ku da kuka san Kawu Lawai na Kutawa, kun san ba ya zama a wuri sai ya fara duƙawa ya ɗora bayan hannunsa a ƙasa, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Daga nan sai ya girgiza kai, ya warware tabarmar kabar da ke hammatarsa, ya shimfiɗa buzu a kai, sannan ya amsa gaisuwarka. Gidan biki haka, gidan makoki haka. Ko a bazara, mutane na fifita, shi yana taɓa ƙasa.

"Sanyi ba daga sama shike saukowa ba," in ji shi. "Daga ƙasa shike tasowa, shi kama ka ta haƙarƙari. Wawa ka neman bargo, mai hankali shimfiɗa shike nema."

Yayan mahaifiyata ne, kuma mafarauci tun kafin a haife ni. Da an kawar da amfanin gona, sanyi ya kankama, sai ya saɓa bindigarsa harba-ka-ruga ya nufi fadamun da ke bayan Wurma, ta wajen Kurfi, ya yi ta kwana a can. Wannan kuwa tun kafin daji ya zama abin da ya zama ne. In ya dawo da zomo ɗaya da fakara biyu, labarin da zai bayar sai ka rantse giwa ya kayar.

To, tsufa ba ya sallama. Wata shekara tari ya sarƙe shi har muka kwantar da shi a asibiti a Dutsin-Ma. Kafin in je sayen magani in dawo, ya yaye zanen gadon, ya ɗora tabarmarsa da buzunsa bisa katifar. Wata nas ta shigo tana toshe hanci.

"Baba, wannan fatar fa tana wari!"

"Ɗiyata, zagaya ɗakin ga ki tambaya. In kin samu wanda wari ya kawo, zo ki ɗauke ta."

Mu muka yi dariya, amma likita bai yi ba. Ya ce ƙirjin nan in sanyi ya ƙara shigarsa, ba lallai ne a kai ga kawo shi ba. Matarsa, Inna Hure, tana tsaye tana ji. Muna komawa gida ta ɗauke bindigar ta jefa bayan gadonta, ta kulle ɗaki.

Da sanyi ya sake zagayowa, Kawu ya daina cin tuwo. Ba faɗa, ba magana, sai ya zauna a zaure ya zuba wa hanya ido. Inna ta ga mutum zai mutu mata a zaune, ta sauko, amma da sharaɗi: zai tafi tare da ni, zai kwana a irin shimfiɗar zamani da ake sayarwa a kasuwa, kuma in ya dawo da tari ko da ƙwarzane ɗaya a jikinsa, shi da daji har abada. Ta sa ya rantse. Sannan ta juyo kaina.

"Sani, ga shi nan na ba ka da lahiya tai. Yadda na ba ka, haka za ka maido mini."

A ba ka ajiyar akuya ma yaya ka ƙare, balle Kawu Lawai?

Ranar kasuwar Dutsin-Ma muka je rumfar Oga Emeka mai gwanjo, wanda Hausa ta zauna a bakinsa har da karin magana. Ya zazzage mana kaya: barguna, rigunan sanyi, da wani dogon abu mai sulɓi da ya ce buhun barci ne, Turawa ke kwana ciki a kan ƙanƙara. Ya shiga da kansa ya ja zif har wuya don Kawu ya gani. Kawu ya ja da baya.

"Subhanallahi! Wanga ai likkahwani ne aka sa wa zif. Ni ba ni shiga sai an yi mini wanka."

"Baba, ɗumi ne da shi kamar cikin uwa."

"Cikin uwa ma ai da lokaci ya yi hitowa aka yi. In kura ta zo, ce mata zan yi ta dakata in buɗe?"

Ya murza wannan ya ce ya yi sirara, ya shinshina wancan ya ce warin mai shi na farko bai fita ba. Wani ja kuwa ya ce zabi za su hango shi tun daga Kurfi. Har la'asar muna abu ɗaya, kafin ya yarda da wani kore mai kauri, da wata shimfiɗar soso ta sawa a ƙasa. Ita kam ya yaba mata, don ya kwanta a kai tsakiyar rumfa ya ce ƙasa ba ta iso shi ba. Za mu tafi Oga Emeka ya riƙo hannuna.

"Malam Sani, abu ɗaya: kayan nan leda ne. Ba su ga maciji da wuta."

Na maimaita wa Kawu. Ya ce, "Na ji. Ni yaro ne?"

Mun isa fadama da yamma, sanyi tun rana ba ta faɗi ba ya fara cizo. Na tafi ɗebo ruwa da itace, na ɗan jima. Da na dawo na tarar har ya gyara makwancinsa fes, ya shimfiɗa soso, ya ɗora buhu. Tabarma da buzu kuwa ya ba ni. Muna idar da isha'i ya yi bisimilla ya zura ƙafafu, ya ja zif har haɓa, yana gunaguni. Ni kuwa na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ashe ban san komai ba. Mafarauta suna da wata dabara ta kwanan daji: a tona rami tsawon mutum, a hura wuta a ciki, in ta zama garwashi a rufe da ƙasa mai yawa, a kwanta a kai, ɗumi na ratsowa har asuba. Kawu ya yi abinsa da na ba da baya. Sai dai hannun da ke tona rami har gwiwa a da, yanzu bai iya wuce taƙi ɗaya ba, numfashi ba ya kai shi. Ƙasar da ya rufa ba ta taka kara ta karya ba.

Ko barci ban fara ba na ji wani wari kamar ana ƙona bola. Na haska tocila. Hayaƙi ne ke fitowa ta ƙarƙashin Kawu, soson yana narkewa yana tsiyaya.

"Kawu! Wuta! Fito!"

"Ina sane. Zif ɗin ya ci gemuna."

Na kama zif na ja, ya yi ihu, abu ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na kama buhun ta ƙafa zan janye shi daga ramin, soson ya biyo shi, ya manne. Iska na samun garwashin sai ga harshen wuta ta gefe. Sai na ji ya ce, a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Sani, kada ka jijjiga ni. Albarushi na nan ciki."

Inna lillahi! Ashe gorar albarushinsa, da yake kwana da ita a jiki don kada raɓa ta taɓa ta, tana nan kan cikinsa. Na tuna fuskar Inna Hure, na tuna ni kaɗai ne a dajin nan, ba mai jin kirana. Na zaro wuƙarsa daga kube, na durƙusa a kansa ina neman inda zan soka ban huda mutum ba. Wuta ta kama gefen buhun, tana tafowa wajen ƙugunsa.

"Tsaya!" in ji Kawu.

"Me kuma?"

"Bi ta ɗinki. Sabon saye ne, a samu a gyara."

Ban san lokacin da na tsarge buhun nan daga wuya har ƙafa ba. Na fizgo gorar na yi jifa da ita cikin duhu, na mirgino shi waje, na juye masa ruwan da na ɗebo. Muka zauna muna haki, buhu da soso suna ci bal-bal a gabanmu. Can ya shafa rabin gemun da ya rage masa ya ce, "Amma hwa Emeka bai yi ƙarya ba. Akwai ɗumi."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Bayansa ya tashi da ƙuna kamar tafin hannu, ga rigarsa jiƙe sharkaf cikin wannan sanyi. Na naɗe shi a buzu na rungume shi, ina jin ƙirjinsa na kuka har gari ya waye.

A hanyar gida na ce ko mu ce wa Inna garin shan shayi ne ya ƙone. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Rantsuwa na yi, ɗan nan."

Muna shiga gida, tun ba ta tambaya ba, ya juya mata baya ya ɗaga riga. Sannan ya sauke bindigar daga kafaɗa ya miƙa mata da hannu biyu. Inna Hure, da ta shirya masifar shekara, ta karɓa, sai ta shige ɗaki muka ji tana fyace hanci.

Bai ƙara taka daji ba. In sanyi ya shigo, abokansa suka biyo ta ƙofar gida da karnuka suna busa ƙaho, yakan fito ya raka su har bakin gonar ƙarshe, yana faɗa musu inda zabi ke sauka. Daga nan ya tsaya, hannu a baya, sai sun ɓace masa, sannan ya juyo shi kaɗai.

Allah ya jiƙan Kawu Lawai, ya yafe masa kurakuransa. Ya cika alkawarin da ya fi masa ciwo. Allah ya cika masa nasa, ya kyautata makwancinsa. Amin.