Ƙeyar Pyo Man-sik

Shekara goma sha tara Pyo Man-sik ya yi a ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, kuma bai taɓa kaiwa ƙololuwa ko sau ɗaya ba. Ba ragwanci ba ne. Mutumin yana iya hawa da tukunya a baya yana zuba hira. Muƙami ne ya hana shi.

Sana'arsa gyaran takalma, a wani akurkin shago a bakin kasuwar unguwarmu a Daegu, wanda in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo titi. Likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki, ya shigo cikinmu. A fitarsa ta farko ƙasan takalmin wata mata ya ɓalle a tsakiyar hanya, ya zauna ya ciro basilla da zare ya ɗinke. Da aka sauko, Shugaba Bang ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Daga yau kai ne madugun baya." Muka yi tafi. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Aikin madugun baya ɗaya ne: ba ya wuce kowa. Wanda ya fi kowa nawa shi ne abokin tafiyarsa. Dokarmu kuma, ƙarfe ɗaya na rana duk wanda bai kai sama ba ya juya, don mota ba ta jira. A cikin mutum arba'in kuwa ba a rasa wanda ya fara da giyar shinkafa tun a gindin dutse, ko wanda jiya ya sayi takalminsa. Haka Pyo ya raka mutane har rabin kusan kowane dutse a ƙasar nan, ya rako su ƙasa. Ya san mu ta ƙeya. Da ganin yadda wuyanka ya langaɓe zai miƙo maka kokwamba kafin ka ce kana jin ƙishi.

Bara da kaka ya kira ni shagonsa. Ni ne sakataren ƙungiya, tsohon malamin makaranta, don haka duk abin da ba wanda yake son yi wurina yake zuwa.

"Malam Nam, wata mai zuwa za su yi min aiki a gwiwa. Likita ya ce ni da dutse sai dai kallo."

Na fara jajanta masa, ya katse ni.

"Hoto nake so. Irin naku, a jikin dutsen nan na ƙololuwa mai rubutun suna. Shi za a sa tsakiyar furanni ranar makokina. Wanda nake da shi na katin shaida ne, kamar wanda aka kama da kazar mutane."

Na kai maganar kwamiti. Aka yanke cewa ranar Lahadi a Dutsen Sobaek Pyo zai yi gaba, ni kuma in riƙe baya. Shugaba Bang ya yi jawabin minti ashirin a kan sadaukarwa, ya miƙa masa jar tutar gaba da hannu biyu.

Tun a gada ta farko na gane mun ɗauko aiki. Pyo bai iya gaba ba. Taku goma sai ya tsaya ya waiwayo, mutum talatin da tara su ci birki a bayansa. Ok Sun-rye, mai sayar da kifi, wadda ake jin muryarta daga kwari zuwa kwari, ita ta saita shi. Ta bi bayansa da sanda tana zungurar jakarsa.

"Yaya, gaba ake kallo! Me ka ajiye a bayan nan, budurwa?"

"Na ji kamar wani yana tari."

"Ya yi ta tari. Malam Nam yana can, ya karanta masa littafi."

Ni kuwa na riƙe baya da tsari, irin na mai ilimi. Ban lallashi kowa ba. Wanda ya zauna sai in gaya masa ƙarfe nawa, in tsaya a kansa har ya tashi. Sha biyu da rabi na iso sama tare da na ƙarshensu, ina mamakin abin da ya gagari mutum shekara goma sha tara.

Layin hoto ya kai mutum ɗari, kamar kowace Lahadi ta kaka. Na duba kusa da dutsen, ban ga Pyo ba, alhali ya riga ni isowa da minti arba'in. A can ƙarshen layi na same shi, yana rusuna wa wasu 'yan birnin Busan da isowarsu ke nan.

"Ku wuce, ku wuce, ina bayanku."

"Yaya Pyo, mutum nawa ka bari suka wuce?"

"Ban ƙirga ba. Ba na jin daɗin mutum ya tsaya a bayana, Malam. Sai in ji kamar na bar shi."

Na yi masa bayani a natse cewa layi ba ya ƙarewa ta baya. Ya gyaɗa kai, ya matsa wa wani mai kyamara.

Ok ce ta sake raba gardama. Ta ajiye naɗin shinkafarta, ta zo ta tsaya a bayansa, ta damƙi igiyar jakarsa.

"Wuce mana, ƙanwata."

"In na wuce a aske min kai. Matsa!"

Haka ta tura shi taku-taku kamar mai kai akuya kasuwa, duk wanda ya yi wa tayin wucewa ta harare shi ya koma. Ɗaya saura minti uku ya isa. Ya gyara hula, ya ɗora hannu a kan dutsen. Mu kuma muka jeru a gefe muna tafi. Na ɗaga waya. Na lura leɓɓansa suna motsi, na ɗauka addu'a ce.

"Ɗaya, biyu..." na ce masa.

Ina dannawa ya juya.

"Talatin da takwas," in ji shi. "Ina Shugaba?"

"Yaya Pyo, juyo, sau ɗaya kawai!"

Ina! Ya riga ya kama gangara da wannan gwiwar tasa. Na bayanmu a layi suka cike gurbin, wata mata har tana ce min, "Malam, an gama da ku."

A ƙarƙashin wata bishiya ya samo Shugaba Bang, can wajen rabin hanya, hula a fuska, yana minshari. Shekara ashirin yana gaba, bai san yadda ake tafiya a tsakiya ba, sai ya ratse ya zauna da wata ƙungiya suka buɗe kwalba. Ana cewa na wuce ta gabansa. Ba na musu. Amma a takardar aikin madugun baya, wadda ni na rubuta ta, babu inda aka ce a leƙa ƙarƙashin bishiyoyi.

A mota hoton ya zaga hannu-hannu. Dutsen ya fito tsaf, rubutunsa raɗau, sama garau. A gefensa ga hula, ga kunne ɗaya, ga ƙeya mai furfura da wani tabo kamar ƙwayar wake.

"Ashe tabo gare ka!" in ji Ok. "Shekara goma sha tara ban sani ba."

Ba wanda ya sani. Kafin ranar nan ba wanda ya taɓa ganinsa ta baya.

Na ce zan nemi mai gyaran hoto ya ɗora masa fuskar katin shaida. Ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa.

"Bar shi haka, Malam. Hannun nan da ke kan dutsen nawa ne ko ba nawa ba?"

An yi aikin gwiwar lafiya. Hoton yana rataye a shagonsa cikin baƙin firam, yana jiran ranarsa. Muƙamin kuwa kwamiti ya bar min shi, da tafi. Fita tara ke nan ban ga ƙololuwa ba.