Jinkar ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da nake sayen dawa da riɗi daga manyan gonakin tarakta na wajen Doka ina kawowa kasuwar Gadarif, na gina wa mahaifiyata ɗaki mai rufin kwano. Ta shiga, ta duba, ta sa mini albarka, ta koma tsohuwar gutiyarta, ɗakin jinka da mahaifina ya ɗaura da hannunsa kafin ya rasu. Ɗakin kwanon ya zama ma'ajiyar tukwane.

Al'adar unguwarmu, kowace shekara kafin damina sai a ɗora sabuwar ciyawa a kan tsohuwa. Daga waje jinkar tana sheƙi kamar jiya aka baibaye ta. Ni ma ina wucewa ina yabawa.

Wata safiya na shiga gaishe ta, ta miƙo mini shayi. Ina ɗaga kofin sai na ga wani gari mai laushi yana yawo a kai. Na duba gefen gadonta, ga shi nan ma. Na tambaye ta, ta ce ba komai ba ne, kullum tana sharewa. Na ɗaga kai. Sandunan jinkar sun ɗan lanƙwasa ta gabas, igiya ta saki a wurare, ga layin ƙasar gara ya hau har ƙololuwa.

Na fita na ɗauko ƙarfen da nake soka buhu da shi don ganin abin da ke ciki. Na taka kujera, na soki sandar da ke saitin gadonta. Ƙarfen ya shige ba gardama, gari ya zubo mini a fuska. Ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen Habasha, ga ciyawar shekaru a jibge, da ta sha ruwa nauyinta ya ninka.

Na gaya mata gaskiya, jinkar nan ba za ta kai kaka ba, kuma a kanta za ta sauko.

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. "To ɗan nan, saura ni. Zo ka soka ka gani ko ni ma gara ta ci ni."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na yi ciniki da manyan 'yan kasuwa, amma ban taɓa shan wuya kamar ranar ba. Kwano dai ta ce ko kusa, yana dafa mutum da rana, ya hana shi jin kiran salla in ana ruwa. A ƙarshe muka daidaita: a sauke jinkar gaba ɗaya, a ɗaura sabuwa irinta, duk sandar da ta yi ƙarar lafiya a mayar da ita. Ita da kanta ta zauna tana ƙwanƙwasa su da muciya. 'Yan kaɗan ne suka tsira.

Maƙwabta suka yi mana gayya, aka gama kafin ruwan fari. Da ya sauko, tana ciki tana gasa gahawa, ko ɗigo babu.

Har yau in na shiga ɗakin mutum, idona kan tafi sama tun ba a gama gaisuwa ba. Wasu suna zaton addu'a nake yi. Ita kuwa ta yi sauran damunanta a ɗakin da take so, kuma da ƙafarta take fitowa kowace safiya.