Gonar da Babu Tumfafiya

Mahaifina bai taɓa shiri da tumfafiya ba. A gonarsa da ke bayan ƙauyenmu, yamma da Tsafe, ko tsiro ɗaya ya gani sai ya bi shi da gatari har saiwa. A ganinsa gonar da tumfafiya ta yi fure a cikinta ba ta da mai ita. Amma ya fi kowa sanin ƙwarin da ke sauka a kanta. Shi ya nuna mini ƙaton baƙin ƙudan zuman nan mai huda itacen rumfa, ya ce idan bai sauka kan furen ba, tumfafiya ba za ta yi 'ya'yan nan masu kumburi da muke fasawa da ƙafa ba. Akwai kuma malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, da wata fara mai zane wadda ko kaza ba ta kallonta.

Da mutanen daji masu bindiga suka matsa mana, muka tashi. Muka fara zama Bunguɗu wurin gwaggona, daga baya na ɗauko Baba zuwa Gusau, inda nake ɗinki a Sabon Gari. Damina uku ya yi bai ga gonarsa ba. Kullum yana bakin shagona, yana lissafa mini irin tsawon da tumfafiya ta yi a bayansa, har na gaji da ji. Ni ba haƙuri ne da ni ba. Ran nan na ce masa ya bar maganar, gona ba ta gudu. Ya kalle ni, na kuwa ji kunya.

Bayan ruwan shuka aka ce an yi sulhu da mutanen daji a yankinmu. Baba ya wasa gatarinsa ya ce zai je ya share ta, ko da bai shuka komai ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ƙarshe na rufe shago na bi shi.

Daga Tsafe mai babur ya kai mu bakin rafi, ya ce iyakarsa ke nan, kuma ba zai jira ba. Muka taka. Hantsi ne, amma babu mahaluki a hanya, babu kukan jaki, babu sautin daka. Gonakin maƙwabta dama da hagu duk sun zama kurmin tumfafiya, wasu sun fi ni tsawo, sun yi fure fari da ruwan hoda. 'Ya'yan da suka fashe sun saki auduga tana yawo a iska tana manne mana a riga.

Sai na ji ruri daga nesa, mai kauri, ba ya yankewa. Duk wanda ya zauna yankinmu ya san abin da ƙarar babura da yawa take nufi. Na kama hannun Baba zan ja shi cikin ciyawa.

"Sake ni," in ji shi. "Wanga ba babur ba na. Ƙudan tumfafiya na."

Gaskiyarsa ne. Ɗaruruwansu ne, baƙaƙe, masu nauyi, suna faɗawa kan fure har reshe ya sunkuya. Farar nan mai zane ta cika ganye, ko motsawa ba ta yi ba da muka wuce. Baba yana tafe yana faɗin sunan mai kowace gona da inda yake yanzu: wannan Gusau, wannan Funtuwa, wannan Allah ya ji ƙansa. Duk da haka na ga kamar da ɗokinsa. Ya ce tasa ma haka za mu same ta, aikin kwana uku ne ga mai ƙarfi, yana hararata.

Da muka wuce tsamiyar da ke kan iyaka, rurin ya koma bayanmu. Gaba shiru. Na lura da shirun nan kafin idona ya gane dalili.

Babu tumfafiya ko ɗaya a gonar Baba. An share ta tas, an yi huɗa, kunyoyi a miƙe har ƙarshenta, gero ya fito ya kai taƙi. Ko shi bai taɓa gyara ta haka ba. Can ciki mutum biyar ne sunkuye da fartanya. Na gane biyu, 'yan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne, ɗaya ma tare muka yi makarantar allo. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya mayar da kansa ƙasa da sauri kamar bai san ni ba.

Sannan na ga na shidan. Yana zaune ƙarƙashin kaɗanyar da Baba ke cin tuwon rana, ƙafa ɗaya kan babur, da abu a kwance bisa cinyarsa. Ba noma yake ba, kallonmu yake.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Abin da na fi jin tsoro shi ne bakin Baba. Na san shi, mutum ne da ya taɓa kai ƙara gaban mai gari a kan kunyar gona guda ɗaya. Idan ya ce gonarsa ce, ban san ko za mu koma Gusau mu biyu ba.

Baba ya tsaya a bakin gonar. Ya dubi geron, ya dubi kaɗanyar. Sai ya sauke gatarin daga kafaɗarsa, ya riƙe shi ta baya, ya ɗaga murya yadda mai wucewa kan yi a gonar mutane.

"Sannunku da aiki. Allah shi ba da damina mai albarka."

Na ƙarƙashin kaɗanya ya ɗaga hannu ya amsa. Muka ci gaba da tafiya kamar da ma wani gari za mu.