Atisayen da Muka Yi a Gonar Gyaɗa

Har gobe ba zan manta da safiyar Alhamis ɗin da na kira suna a bakin ruwa na ji Habibu shiru ba. Lokacin ina kocin ninƙaya, saura kwana tara mu tashi zuwa gasa a ƙasar waje. Dokar sansani kuwa ita ce, duk wanda ya yi fashin atisaye kwana uku a jere, a cire shi a sa na bayansa. Ku sababbin shiga aikin nan ku riƙe wannan, ba a roƙo a kanta.

Habibu ɗan wani ƙauye ne a gefen Makoɗa, a dam ya koyi iyo. Tun da fasfonsa ya fito ya hana mu sakat da tambaya: ruwan can da sanyi? A jirgi ina ake fuskanta in za a yi salla? Mai irin wannan ɗokin ba ya guduwa a banza, sai na hau babur na bi sawunsa.

A gona na same shi a duƙe, shi kaɗai, yana cirar gyaɗa. Mahaifinsa, Malam Sale, yana zaune a inuwa da ɗaurin karaya a ƙafa.

Na ce, "Habibu, ka san abin da kake shirin zubarwa?"

Ya ce, "Na sani, Koci. Amma ruwa ya ɗauke. In ƙasa ta bushe, rabin gyaɗar nan ba za ta fito ba, kuma ita ce abincin gidanmu."

Malam Sale ya ce, "Na ce ya tafi, ya ƙi. Taurin kan nan nawa ne ya ɗauko."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shekara huɗu ina fama da shi, ga tafiya ta zo bakin ƙofa. Amma da na dubi gonar, na san ko ni ne ba zan tafi ba.

Ranar Juma'a na shiga ofishin shugaban tawaga, na ce ina neman izini in kai atisayen Asabar Makoɗa, don ranar ce fashin Habibu zai cika kwana uku.

Ya ce, "Akwai wurin iyo a can?"

Na ce, "Akwai gona, ranka ya daɗe."

Sai ya ce in rubuta in sa hannu, in wani ya ji ciwo, a wuyana.

Asabar da sassafe muka cika bas. Mai unguwa ya riga ya kira gayya, samarin gari sun fito, mata sun ɗora tukunya. 'Yan birnin nan nawa masu faffaɗar kafaɗa, kafin hantsi sun fara dafe ƙugu, tsofaffi na yi musu dariya. Wanda bai ɗago daga aiki ba shi ne Nura, wanda za a ba kujerar Habibu da an cire shi. Kafin la'asar mun gama. A tsakiyar gona na buɗe rajista na kira suna. Habibu ya amsa. Ranar tashi da shi muka hau jirgi.

Tun daga nan na canja yadda nake aiki. A da, agogo kawai na sani. Yanzu duk ɗan wasan da ya zo hannuna daga ƙauye, kafin in auna gudunsa sai na tambaye shi me suka shuka bana, kuma wa zai cire.